Ina Mai Canjinki? Tambayar Baba Mamman na Makera

Mu duka na Allah ne, kuma kowa da ranar da za a kira shi ya amsa. Taka ranar, Baba Mamman, ta faɗo Talata, tara ga watan Maris na shekarar 2010, da hantsi, a gidanka na Makera, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ina cikin zauren majalisar ƙaramar hukuma ana ta muhawara kan wata kwata da ta toshe, wayata ta yi ta motsi a jaka har sau huɗu. Da na fito na duba, Naomi ce. Ba ta gaishe ni ba, ba ta ce Honarabul ba kamar yadda take tsokanata. Cewa kawai ta yi, "Asabe, Baba ya tafi." Na jingina da bango. Allah Ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina ba addu'a ba ce. Na tuna mako shida ke nan rabona da kai, kuma da faɗa muka rabu.

Wanda bai san ka ba zai ce wane ne wannan da kansila take yi wa kuka a takarda, tunda ba ka taɓa riƙe muƙami ba, ba a taɓa manna hotonka a bango ba. Kai ne Malam Mamman Sanda, wanda ya yi shekara ashirin da shida a gaban injin saƙa a ɗaya daga masaƙun Kakuri, ya kuma wakilci ma'aikatan sashensa a ƙungiyar ƙwadago. Ƙarar inji ta cinye maka rabin ji, shi ya sa in kana magana a tsakar gida ake jinka a bakin titi. Da masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, abokan aikinka wasu suka koma ƙauye, wasu suka hau acaɓa, wasu suka kama gadi. Kai sai ka kafa rumfar kwano a bayan gidanka, ka jera benci biyar, ka shafa wa wani tsohon ƙyaure baƙin fenti ya zama allo. Duk Asabar bayan la'asar kana tara teloli, makanikai, masu sayar da abinci da yaran da suka gama sakandare babu aiki, kana koya musu yadda talaka zai tsaya takara, da yadda zai riƙe kujerar in ya samu. Mutane suka yi ta dariya. Ni ma na yi tawa.

A shekarar 2004 na fara zuwa, kuma ba don siyasa ba. Ina ɗinki a shagona, ruwan sama ya cika layinmu ya shiga har ƙarƙashin keke, na zo in tambaye ka wa ake kai wa ƙara. Ka saurare ni kana kallon bakina, don da ido kake cike abin da kunne ya rasa. Da na gama ka ce, "Wadda ta iya faɗan nan ai ita ya kamata a riƙa kai wa ƙara. Zauna." Na zauna don kunya. Kafin a tashi ka waiwayo ka jefo mini tambayar da ta bi ni shekara shida: "Ina mai canjinki?"

Ban gane ba. Sai wani da ke gefena ya yi mini bayani cewa a masaƙa inji ba ya tsayawa, mutum ne ke tashi. Mai aikin safe yana sauka ƙarfe biyu, wanda zai karɓe shi kuma, shi ne mai canjinsa. A ajinka ba a karɓar mutum shi kaɗai. Duk mai son takara sai ya zo da wanda zai koyi duk abin da ya koya, ya bi shi duk inda ya je, kuma in an ci zaɓe, wa'adi ɗaya ake yi a miƙa masa. Na ce ba ni da kowa. Ka nuna wata mata doguwa mai ɗaurin ɗankwali a karkace, ka ce, "Ga Naomi, tsohuwar ma'aikaciyar sashen kaɗi, yanzu tana sayar da shinkafa a bakin tsohuwar ƙofar masaƙa. Mazaɓarku ɗaya. Ku je ku san juna."

Lokacin garin bai daɗe da fitowa daga rikici ba, kowa ya tattara ya koma cikin nasa, titi ɗaya ya raba unguwarmu da ta su Naomi amma sai in yi wata ban tsallaka ba. Don haka na ɗauka na gano sirrinka: kana haɗa Musulmi da Kirista ne don a sasanta. Wata rana na faɗa maka haka ina jin kaina mai basira. Ka yi tsaki ka ce kai ba fasto ba ne, ba liman ba, ka duba ne kawai ka ga Naomi ce kaɗai a bencin nan da ba za ta ji tsoron bakina ba. Gaskiyarka kuwa, har yau ba ta ji ba.

Kai, Baba, ka wahalar da mu! Maƙwabciyarka tana da injin markaɗe, sai ka jira ta tayar da shi sannan ka ce mutum ya miƙe ya yi jawabin minti uku. In ba ka karanci maganar a leɓensa ba, ya sake. Kana cewa wanda kurma ya gane shi, kowa zai gane shi. Ka sa muka zagaye mazaɓa da ƙafa har muka san kowace kwalbati da kowace rijiyar burtsatse, wacce ke aiki da wacce ta mutu, da sunan matar da ke kwana kusa da ita. Ka koya mana rubuta ƙudurin da za a gabatar a majalisa cikin layi biyar. Ka hana mu yin alkawarin abin da ba ya cikin ikon kansila, har ka taɓa korar wani yaro daga aji na mako biyu don ya ce zai sake buɗe masaƙa. Takardar sakamakon zaɓe kuwa, ka zana ta a allo mun cike ta ya fi sau ɗari, har ina ganinta in na rufe ido. Kuma duk darasin da ya shafi ranar zaɓe, da magana ɗaya kake rufe shi, murya sama, jijiyar wuya a tashe: kowace rumfar zaɓe wakili biyu, ɗaya a zaune, ɗaya a tsaye bayansa.

Alherinka ba a allo ya tsaya ba. Ranar da mijina ya ce ba zai yarda matarsa ta riƙa yawo gida gida ba, ba ka aiko kowa ba, da kanka ka zo shagonsa ka zauna kan buhu tun azahar har la'asar. Ban san me ka faɗa masa ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba, amma shi ya riƙa kai ni kamfe a babur. Da ɗan Naomi ya kwanta asibiti, kai ka tsara 'yan aji suka riƙa tsare mata tukunyar shinkafa bi da bi don kada ta rasa masu saye. Na gan ka da idona, da hula da carbi, kana zuba wa mutane miya kana yi musu faɗan sun cika son nama.

Sau biyu 'yan ajinka suka tsaya suka faɗi. Ni ce ta farko da ta ci. Ranar da aka sanar, jama'a na ta guɗa a ƙofar gidanka, kai kuwa ka ja ni gefe ka ce, "Barka, Honarabul. Jiniya ta busa, aikin safe ya fara. Kada ki manta ƙarfe biyu na zuwa."

Na manta, Baba, ko in ce na so in manta. Wa'adina ya zo ƙarshe, jam'iyya ta fara karɓar sunayen masu neman tsayawa, mutane suka fara zuwa gidana suna cewa in zarce. Ni ma na ga sai yanzu na san kan aikin, sai yanzu na san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a samu amsa. Na zo na same ka a rumfa ina zaton za ka ce to. Ka bar ni na gama tsaf, sannan ka ce, "Naomi fa?" Raina ya ɓaci. Na ce Naomi ta ƙara haƙuri, na ce kujerar nan da ƙyar muka same ta, in muka canza fuska za ta suɓuce. Ka ce an yi magana tun farko. Sai na faɗi abin da har yanzu yake ci mini rai: "Baba, siyasa ba masaƙa ba ce. Masaƙar ma ai ta rufe." Ka juya ka ci gaba da goge allo, ni kuma na figi jakata na fita. Na ji ba ka da lafiya, na ce sai na huce zan zo.

Tun da aka kai ka makabarta, inda mu mata ba mu je ba amma aka ba mu labarin yawan jama'a, har zaman makoki, tambayoyi ne suka cika mini kai fiye da hawaye. Me ya sa mutumin da ya san siyasa haka bai taɓa tsayawa ba? Me ya sa maganar mai canji ta zame maka kamar farilla, har ka yarda ka ɓata da ɗalibarka guda da ta ci zaɓe? Daga ina ka samo wannan doka? Na tambayi 'yan aji, kowa ya ce haka ya tarar.

Ranar addu'ar uku na ga wani dattijo a ƙarshen rumfa, da sanda da kwat mai faci a gwiwar hannu, yana zaune a bencin da ke kusa da allo. Aka ce mini Baba Ishaku ne, mutumin Zonkwa, ya taso tun daga Kamazou inda yake zaune wurin ɗansa. Na sha jin sunansa a bakinka amma ban taɓa ganinsa ba. Shi ne mai canjinka a masaƙa, shekara goma sha tara kuna kan inji ɗaya, kai safe shi rana. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗaga murya don shi ma kunnen ya tafi, na tambaye shi abin da ke damuna. Sai ya yi dariya har da share ido, a gidan makoki, mutane na waiwayowa. Ya ce, "Au, bai taɓa gaya muku ba? Mamman ke nan!"

Ga abin da ya ba ni. A ƙarshen shekarar 1998, da sojoji suka fara shirin komawa bariki aka sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi, ma'aikatan masaƙa suka ce su ma za su tsayar da nasu kansila. Suka tsayar da Baba Ishaku. Kai aka ɗora wa tsara wakilan rumfuna, ka zaɓo mutum goma sha huɗu, duk 'yan aikin safe, don su ne suka saba da sammako. Ƙarfe shida kowa yana rumfarsa, tun kafin malaman zaɓe su iso. Jama'a suka fito, layin Baba Ishaku har ya ba abokan hamayya tsoro. Ranar an ba da hutu a masaƙa, amma babu wanda ya tuna ya ce wa mai gadi kada ya busa jiniya. Ƙarfe biyu daidai ya busa abarsa kamar kullum.

"'Yata," in ji Baba Ishaku, "mutum goma sha ɗaya suka miƙe, suka kakkaɓe wando, suka yi wa jama'a sai anjima, suka tafi gida. Ba wanda ya saye su, ba wanda ya kore su. A masaƙa ba ka waiwaya. Saura minti goma jiniya ta busa, mai canjinka yana tsaye a bayanka, ka nuna masa inda zare ke tsinkewa, ta busa ka tashi. Ƙafarsu ce ta tafi da su."

Na tambaye shi, to kai fa, Baba Mamman, ina kake a lokacin? Ya ce ai kana cikin goma sha ɗayan. Ka isa gida, ka yi wanka, matarka Inna Zainabu ta ajiye maka tuwo, ka kai loma ɗaya baki, sai ka tambayi kanka wa ya karɓe ka. Ka fito da gudu babu hula babu takalmi. Kafin ka isa an ƙirga, an cike takarda, an tafi da akwati. Baba Ishaku ya faɗi da ƙuri'u kaɗan. Ya ce har gobe ba zai ce an sace ba, ba zai ce ba a sace ba, don a rumfunan nan goma sha ɗaya babu nasu ko ɗaya da ya gani. Shi ya daɗe da mayar da abin labarin dariya, kai kuwa ka yi wata uku ba ka iya haɗa ido da shi a bakin inji. Ya ce ya sha roƙonka ka tsaya takara da kanka, kana cewa wanda ya bar rumfa ba shi da bakin neman kujera.

Ka san ni da gardama, Baba, ko a makokinka ban bari ba. Na ce masa in haka ne, ai darasin shi ne kada a tashi, ni kuma abin da nake so ke nan, kada in tashi. Ya kalle ni ya daina dariya. Ya ce, "Mai canji mutum ne, ba ƙarfe ba. In ya zo yau kika ce bari ki ƙara awa takwas, gobe ma haka, jibi ba zai zo ba. Ranar da kika gaji kika waiwaya, babu kowa. Ita taki tana zuwa aji?" Tun watan Janairu Naomi ta daina zuwa. Wasu uku da ke jiran nasu lokacin a bayan wasu su ma sun ja baya, suna jira su ga abin da zan yi. Sai a lokacin na gane ba kujerata kake karewa ko ƙwacewa ba. In ni da na fara ci na karya dokar, babu wanda zai sake yarda ya tsaya a bayan wani, rumfarka kuma ta zama wurin ajiye benci.

Ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba: ban ji daɗi ba. Ina son kujerar. Ina son yadda ake miƙewa in na shiga taro, ina son in ga kwalbatin layinmu da na fara ta ƙare a hannuna. Kwana biyar ina juya abin. Ranar Laraba da safe na tsallaka titi na sami Naomi tana wanke shinkafa. Na ce ta bar wa 'yarta tukunya ta zo mu zagaya. Ta ce zagayen me? Na ce saura minti goma. Sai ta goge hannu a zani ta biyo ni.

Muka bi mazaɓar layi layi ina nuna mata inda zare ke tsinkewa. Na nuna mata rijiyar burtsatsen da ke mutuwa duk bayan wata biyu da mutumin da ya iya tayar da ita. Na gaya mata wane mai unguwa ne in ba a fara gaishe shi ba aiki ba ya tafiya, da wace ƙungiyar mata ce ke cewa to a gabanka ta ce a'a a bayanka. Na kai ta ajin firamaren da na yi alkawarin rufi ban cika ba, na ce wannan laifina ne, kada ta bari a ɗora mata. Ta ce dama ba ta da niyyar ɗauka. Ranar Juma'a muka je ofishin jam'iyya tare, sunanta aka rubuta, ni na sa hannu a matsayin mai goyon baya. Ko za ta ci ko ba za ta ci ba, Allah ne Masani. Amma kowace rumfa za a sami mutum biyu, kuma ni ce zan tsaya a bayan wakilin rumfar layinmu.

Tambaya ɗaya ta rage mini, ita ce ta fi damuna. Kai da ka addabi kowa da ina mai canjinki, ina mai canjinka, kai wa ka tanada? Na ce a raina ashe Baba ya sake tashi ya bar rumfa babu kowa. Da yammacin Juma'ar nan na biya in gaida Inna Zainabu, matarka, na ba ta labarin abin da muka yi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata tsohuwar jakar leda. A ciki akwai makullin rumfa, da guntayen alli, da littafin da kake rubuta sunayen 'yan aji biyu biyu. Ta ce, "Tun kafin ya kwanta ya ba ni. Ya ce na Asabe ne, amma kada in ba ki, kada in ma faɗa miki, sai kin sauka da kanki. Ya ce in ya gaya miki zai zama ciniki." Na buɗe shafin farko. Sunanka ne a sama, a gefensa kuma, inda ake rubuta mai canji, sunana, da kwanan watan ranar da ruwa ya shiga shagona.

A nan ne kukan da ban yi ba ranar Talata ya zo, Baba. Shekara shida ina tsaye a bayanka kana nuna mini inda zare ke tsinkewa, ni ina zaton faɗa kake yi mini.

Ya Allah, ga bawanKa Mamman ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa wahalar da ya sha a kan 'ya'yan talakawa ta zame masa nauyi a mizani, Ka sada shi da rahamarKa a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zainabu, da ɗansa Bello da ƙannensa, da jikoki, da Baba Ishaku wanda ya rasa abokin inji, da dukan 'yan rumfar Asabar, na masallaci da na coci. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen in lokacinmu ya yi.

Ka yafe mini maganar da na faɗa maka, ban samu na zo na janye ta ba. Asabar mai zuwa bayan la'asar zan buɗe rumfa, na riga na roƙi maƙwabciyarka ta tayar da injin markaɗe. Wannan karon ba ka bar wurin babu kowa ba, Baba. Ka huta, na karɓa.